Fisiyo da OT a tawagar masu kula da yara: tambayoyin da iyaye suka fi yi

Yaron da ke da lalura mai ɗaukar lokaci, irin raunin ƙwaƙwalwa da ke taɓa motsi ko karkatacciyar ƙafa ko ƙuna mai tsanani, da wuya likita ɗaya ya riƙe shi shi kaɗai, tawaga ce ke haɗuwa a kansa. A cikin tawagar nan akwai mutum biyu da iyaye suka fi gani sau da yawa amma kuma suka fi kasa gane aikinsu, wato likitan gashi da ake cewa fisiyo, da okufeshinal terafis wanda a asibiti ake taƙaitawa a ce OT. Ga tambayoyin da suka fi yawo da amsoshinsu.

Wai menene bambancin fisiyo da OT? Ni na ga kamar duk abu ɗaya suke yi

Suna kama kam, musamman a kan jariri, don duk za ki ga sun zauna a ƙasa da yaro da kayan wasa. Amma idonsu ba wuri ɗaya yake kallo ba. Fisiyo ya fi damuwa da manyan motsi: riƙe wuya, juyi, zama, rarrafe, tsayuwa, tafiya, hawa matakala, ƙarfin tsoka, gaɓoɓin da suka ƙage, har da numfashi. OT kuma abin da yaro zai yi da jikin nan a rayuwarsa ta kullum yake bi: ya riƙe cokali ya kai baki, ya sa riga ya ɓalle maɓalli, ya zauna a fo, ya riƙe fensir, ya yi wasa da 'yan uwansa ba ya zama ɗan kallo ba.

Ɗauki yarinya mai shekara 4 da ɓarin jikinta na dama ya raunana. Fisiyo zai kalli yadda take ɗage diddige in tana tafiya da yadda take faɗuwa in ta zo juyawa. OT zai lura hannun daman nan a dunƙule yake, babban yatsa ya shige cikin tafin hannu, in za ta buɗe kwalba sai ta maƙale ta a hammata ta murɗa da hagu. Yarinya ɗaya ce, kowa da abin da ya hango.

Likita ya riga ya duba shi ya rubuta magani, me kuma zai kai mu wurinsu?

Magani yana da nasa aikin. Maganin farfaɗiya zai tsayar da jijjiga, baklofen zai sassauta tsokar da ta yi tauri, allurar Botox za ta kwantar da tsoka ɗaya na kamar wata 3 zuwa 4, likitan ƙashi zai iya tiyata ya tsawaita jijiyar da ta gajarce. Toh amma babu ko ɗaya a cikinsu da ke koya wa yaro zama ko tafiya. Allurar nan ma in aka yi ta ba a bi ta da atisaye da takalmin gyara ba, lokacin zai wuce tsokar ta koma yadda take, an yi asarar damar kenan. Shi ya sa a tawaga mai kyau tun kafin a yi allura ko tiyata ake zama da fisiyo a tsara abin da zai biyo baya.

Su wa da wa ke cikin tawagar?

Ya danganta da lalurar. Yawanci akwai likitan yara, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, likitan ƙashi, nas, mai gyaran magana da haɗiya, masanin abinci, mai ƙera takalmin gyara da ƙafar roba, wani lokaci da masanin halayyar ɗan adam da ma'aikacin walwala. Likita na iya ganin yaro sau 2 ko 3 a shekara, su kuwa fisiyo da OT kusan duk sati suke tare da shi, don haka su ke fara gano cewa ƙafa ta soma ƙin buɗewa ko bayan yaro ya fara karkata ko sabon magani yana sa shi barci ya kasa komai, su kai wa likita rahoto. Ke ma uwa, kai ma uba, kuna cikin tawagar, ba wai don a faranta muku rai ake faɗa ba, ku ne kuka san yadda yake da daddare da lokacin wanka.

Jaririna watansa 3 kacal aka ce mu je fisiyo. Bai yi ƙanƙanta ba?

Bai yi ba sam. Ƙwaƙwalwar jariri a shekarun farko ta fi saurin haɗa sababbin hanyoyi, abin da ya yi ta maimaitawa shi ke zama. Jariran da aka fi sa wa ido su ne bakwaini, da wanda ya daɗe bai yi kuka ba bayan haihuwa, da wanda shawara ta yi wa yawa, da wanda ya yi sanƙarau ko jijjiga yana jariri. Raunin ƙwaƙwalwar nan da ake kira CP yana samun kamar jarirai 2 zuwa 3 cikin 1,000, kuma da can sai yaro ya kai shekara 1 ko 2 ake tabbatarwa. Yanzu akwai gwajin da wani masani ɗan Austriya mai suna Heinz Prechtl ya ƙirƙiro, a kwantar da jariri rigingine a ɗauki bidiyonsa na 'yan mintuna, a duba wasu 'yan ƙananan motsi da jariri mai lafiya ke yi tsakanin wata 3 zuwa 5, in babu su toh alama ce babba. In aka haɗa da hoton ƙwaƙwalwa da gwajin jijiyoyi ana iya ganewa kafin wata 6, kuma sau da yawa fisiyo ko OT ne ke yin gwajin.

Tun jariri yana cikin kwalba ma aikinsu ke farawa, yadda za a kwantar da shi a naɗe hannu kusa da baki, da yadda zai koyi tsotso.

Ɗan maƙwabta da aka haifa tare da nawa har ya fara tafiya, nawa ko tsayuwa bai yi ba

Tazarar tana da faɗi fiye da yadda mutane ke zato. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna yara masu lafiya suna zama da kansu daga kusan wata 4 har wata 9, tafiya kuma daga wata 8 har kusan wata 18, wasu ma ba sa rarrafe kwata-kwata. In bakwaini ne sai a cire satittikan da ya yi saurin zuwa kafin a yi lissafi, har ya kai shekara 2. Abin da ba a jira a kansa: wata 4 wuya na lilo, wata 9 ba zama, wata 18 ba tafiya, jiki ya sanƙare ko ya yi laƙwas, yaro ya fifita hannu ɗaya ƙarara kafin shekara 1, ko kuma abin da ya iya a da ya daina yi. Wannan na ƙarshen kam a garzaya wurin likita.

Mun je, na zaci za a gasa shi a murza masa jiki, sai na ga wasa kawai suke ta yi. Anya ba ɓata lokaci ba ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a wurina. Mutane da yawa in aka ce gashi, abin da ke zuwa musu shi ne fitila mai zafi da tausa da na'urar lantarki, yaro na kwance ana yi masa. Tunanin yana da asali, lokacin annobar shan inna wata nas 'yar Ostireliya, Elizabeth Kenny, ta yi suna a wajajen 1940 da ɗumama gaɓoɓin yara da bargo mai zafi tana motsa su, a lokacin da sauran likitoci ke ɗaure su a filasta su hana su motsi. Sana'ar ta girma sosai a kan yaran shan inna, ƙungiyar fisiyo ta duniya an kafa ta a 1951, ta OT a 1952. Amma ilimi ya yi gaba tun daga nan. Manyan bitar bincike da Iona Novak da abokan aikinta suka fitar a 2013 da 2020 a kan yara masu CP sun nuna abin da ya fi aiki shi ne wanda yaro da kansa yake yin motsin, a kan wani aiki na gaske da yake so, ya maimaita da yawa. Wanda ake jujjuya shi yana kwance shiru kuwa amfaninsa kaɗan ne.

Toh ta yaya za ka sa ɗan wata 10 ya maimaita abu sau 30? Ba zai ji umarni ba ai. Sai dai ka ɗora abin wasan da yake ƙauna a kan kujera daidai inda sai ya dafa ya miƙe zai kai. Ki lura da kyau in kun koma: fisiyo ta ajiye ƙwallon a gefen da ba ya so ya juya, ta zaunar da shi a ɗan benci ƙafafunsa na taka ƙasa, hannunta na kan ƙugunsa amma a hankali tana janyewa har ya zauna shi kaɗai bai sani ba, ta busa kumfa sama don ya ɗaga kai ya miƙa hannu. Kowane ɗaya da lissafinsa. Koyon motsi kamar koyon tuƙin keke ne, ko shekara nawa aka yi ana murza maka ƙafa ba za ka iya ba sai ka hau ka tangaɗa.

Tausa ba laifi ba ce fa, tana kwantar da yaro tana rage ciwo. Kawai kar a ɗauka ita ce maganin.

Zai warke? Zai yi tafiya?

In CP ne, raunin da ke ƙwaƙwalwa ba ya gogewa kuma ba ya ƙaruwa, abin da ke canzawa shi ne abin da yaro ya iya yi. Duk wanda ya ce miki zai warkar da shi tas cikin wata kaza, ki yi hattara da shi. Akwai ma'aunin da masana a jami'ar McMaster ta Kanada suka fitar a 1997 mai matakai 5: mataki na 1 yaro na tafiya ba matsala sai dai gudu da tsalle, na 2 yana tafiya amma matakala da hanya mai nisa na ba shi wuya, na 3 da sanda ko abin dafawa, na 4 galibi a wilciya, na 5 ko wuyansa sai an tallafa. Bayan shekara 2 matakin ba ya cika canzawa, kuma yaron da ya iya zama shi kaɗai kafin ya cika shekara 2 akwai kyakkyawan zaton zai taka. Ki tambayi fisiyo kai tsaye wane mataki yaronki yake. Amsar na iya yin ɗaci, amma ta fi a yi shekaru ana bin tafiya kaɗai an bar magana da cin abinci da makaranta a baya.

Ba ya kukan ƙugu, me ya sa suke ta cewa a ɗauki hoton ƙugunsa?

Saboda gocewar ƙugu a yara masu CP a hankali take zuwa ba ciwo, tsokokin cinya masu tauri ke ta jan kan ƙashin har ya fita daga gurbinsa, sai ya fita sannan ciwo da wahalar zama da wahalar sa kunzugu su bayyana. Yaran mataki na 4 da na 5 suka fi haɗari. A Suwidin sun fara wani tsari a 1994 inda fisiyo ke auna gaɓoɓi a kai a kai ana ɗaukar hoto bisa jadawali, gocewar ta sauko daga kusan kashi 8 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 1. Kar a tsallake hoton.

OT ta sa wa hannun da ke da lafiya safa ta bar mara lafiyar. Ba juyawa ta yi ba kuwa?

Da gangan ne. Yaro in ya ga hannu ɗaya na ba shi wahala sai ya manta da shi gaba ɗaya, toh in aka rufe mai ƙarfin na wani ɗan lokaci a rana ana wasa mai sauƙi dole ya nemo ɗayan. Bayan haka sai a koma wasannin da sai da hannu biyu, yage takarda, zira duwatsun wasa a zare, riƙe kofi da hannu ɗaya ana zubawa da ɗayan. Duka biyun bincike ya tabbatar da su. Amma kar ki je ki ɗaure masa hannu yini guda da kanki, akwai tsari da adadin lokaci.

An haifi jaririna hannu ɗaya na reto ba ya ɗagawa

Sau da yawa jijiyoyin da suka fito daga wuya zuwa hannu ne suka ja lokacin haihuwa, musamman in kafaɗa ta maƙale. Yawancin jariran suna farfaɗowa cikin watannin farko, aikin fisiyo da OT su koya miki motsa kafaɗa da gwiwar hannu a hankali kullum don kar gaɓar ta ƙage kafin jijiyar ta dawo, su kuma riƙa aunawa. In aka kai wata 3 zuwa 6 bai fara lanƙwasa gwiwar hannu ba sai su tura ku wurin likitan tiyatar jijiya, kuma wannan lokacin ba a wasa da shi.

Karkatacciyar ƙafa fa, sai an yi babbar tiyata?

Galibi a'a. Kamar jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da ita, kuma hanyar da Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita a jami'ar Iowa ta Amurka ita ake bi kusan ko'ina: duk sati a ɗan juya ƙafar a sa filasta, kamar sau 5 zuwa 8, sannan yawancin yara a ɗan tsaga agara, sai takalma biyu da ƙarfe ya haɗa su, awa 23 a rana na wata 3, daga nan da daddare da lokacin barcin rana har shekara 4 ko 5. A wurare da dama fisiyo ne ke sa filastar. Inda ake faɗuwa shi ne takalmin, ƙafa ta miƙe ta yi kyau iyaye su ga ai an gama su ajiye shi, sai ta koma.

Yana ta kuka in ana yi masa, in haƙura ne?

Akwai kukan ƙiwa da na gajiya, akwai na ciwo, ke kin fi kowa sanin bambancin. Miƙa tsoka zai iya ɗan damunsa amma bai kamata a danne yaro yana ihu ba, yaron da ke a tsorace ba abin da yake koya, kuma wanda ba ya tsayuwa ƙashinsa ba ƙwari, ƙarfi na iya karya shi. Ki yi magana a take.

An ce a samo masa wilciya. Ba zai sa ya sangarce ya daina ƙoƙarin tafiya ba?

Tsoron nan kusan kowa na da shi, amma abin da aka gani shi ne yaron da ya samu hanyar zuwa inda yake so da kansa ya fi kuzari da son mu'amala. Yaro na iya takawa a cikin gida ya hau keke in za a yi nisa, ba sai an zaɓi ɗaya ba. Abin lura dai a auna shi, kar a ɗauko ta manya a jefa shi ciki yana zamewa yana karkacewa, wannan ke lanƙwasa baya ya kawo gyambon zama. Haka takalmin gyara, in aka cire aka ga ja a fata da bai ɓace ba bayan kamar minti 20 zuwa 30 a mayar a gyara, yaro kuma girma yake, dole a riƙa sauyawa.

Keken koyon tafiya na jarirai fa, mai tayoyi?

Ba ya koyar da tafiya, kuma yana jawo faɗuwa daga matakala da ƙuna, har Kanada ta haramta sayar da shi a 2004. Ƙasa ta fi, a kifa shi a kan ciki yana farke ana kallonsa.

Cin abinci yaƙi ne, yana ƙwarewa yana tari

Nan OT da mai gyaran magana da masanin abinci ke haɗuwa. Abu na farko da za su duba shi ne zama: a miƙe, ƙugu a daidai, haɓa ta ɗan sunkuya, ba a kwantar da shi kai ya koma baya a ɗura ba, don ta haka abinci ke bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. In yana yawan ciwon ƙirji ko muryarsa na gurgura bayan ya sha ruwa ko cin abinci na wuce rabin awa kullum, a faɗa wa likita. Sai kuma dabaru, cokali mai kaurin mariƙi, kofi mai hannu biyu, faranti mai baki da ba ya zamewa. Wasu yaran kuma, musamman masu otizim, wato lalurar da ke taɓa magana da mu'amala da mutane, haɗiya lafiya lau, laushin abin ko warinsa ne ba sa iya jurewa, nasu tsarin daban ne kuma ba a yi da tilas.

Masu raunin ƙwaƙwalwa kaɗai suke gani?

Ina! Yaron da ya ƙone, tabo na jan fata yana naɗe gaɓa, su ke sa masa abin da zai riƙe hannu a miƙe da matsattsiyar rigar da ake sawa kusan awa 23 a rana har tabon ya nuna, abin da kan ɗauki shekara 1 zuwa 2. Mai sikila da ya samu shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon daji da magani ya raunana, wanda ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman majina ta taru masa a ƙirji, wanda aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya da ba ya jin ƙafarsa sai an riƙa duba fatar kullum, har da ɗan makarantar da kansa ke ja amma rubutu da ɗaure igiyar takalmi suka gagare shi.

Kuma ba kowa ake matsa wa atisaye ba. Ciwon tsoka na Duchenne, wanda ke kama yara maza kamar 1 cikin 3,500 zuwa 5,000, in aka wahalar da tsokar lalacewa take ƙarawa, don haka nasu a hankali ne, miƙa agara da iyo da kula da numfashi. Shi ya sa kwafo atisayen wani yaro daga bidiyon intanet ke da haɗari.

Sau nawa a sati, kuma har yaushe?

Ba adadi ɗaya. Bayan tiyata ko allura ana matsawa, wani lokaci a yi 'yan satittika a jere a kan buri ɗaya sannan a huta, in yaro ya shiga makaranta ko ya fara balaga jiki na saurin tsawo a sake dawowa. Ko da kuna zuwa sau 2 a sati, awa 2 kenan cikin awa 168, sauran duk a hannunku yake. Ba ana nufin ki zama fisiyo ki hana kanki sakat ba, a saka abin cikin hidimar da dama ake yi: wajen sa riga a fara da hannun da ke da rauni, wajen wanka ya miƙa hannu ya ɗauko soso, wajen canza kunzugu a juya shi ta gefe ya taimaka da kansa. In jerin atisayen da aka ba ki ya fi ƙarfinki ki faɗa a rage, guda 3 da ake yi sun fi 15 da ke cikin jaka.

Me zan tambaya in mun je?

Ki je da abin da ya fi damunki a gida, ko da kina ganin ƙarami ne, kamar ɗaukarsa zuwa banɗaki ya fara karya miki baya. Ki nemi a sa buri da za a iya gani da ido, "ya zauna minti 5 ba tallafi yana wasa nan da wata 3" ba "ya samu sauƙi" ba, ki tambayi ranar da za a sake aunawa da abin da za a canza in ba a kai ba. Ki ce a nuna miki sannan ki yi a gabansu su gyara miki hannu, ki ɗauki bidiyo a waya in sun yarda. Ki tambaya ko rahotonsu na isa wurin likitan yaron da malaminsa na makaranta, in ba ya isa ki karɓi kwafi ki riƙa kaiwa da kanki. In yaron ya yi wayo a tambaye shi shi ma me yake so ya iya, sau tari abin da zai ce ba shi manya suka rubuta ba.